Adakar Inna

Inna ta rasu a watan Afrilu na shekarar 2020, cikin kwanakin da aka kulle birnin Kano saboda annobar korona, lokacin da dattawa suka yi ta faɗuwa har masu haƙar kabari suka fara kokawa. Mu kaɗan ne muka raka ta maƙabartar Tarauni. Ba a yi zaman makoki irin wanda aka saba ba, gaisuwa duk ta waya aka yi ta. Sai bayan Babbar Sallah muka samu haɗuwa a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi domin rabon gado, kasancewar mahaifinmu ya riga ta da shekaru masu yawa, kuma babu sauran wanda zai ci gaba da zama a ɗakinta.

Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san yadda abin yake tafiya. An kira malami, an kira wata dillaliya da ta san farashin kayan mata. Aka fito da komai tsakar gida: gado da katifa, keken ɗinki, 'yan kunne da sarƙar zinare, turamen atamfa waɗanda ba a ɗinka ba, da abin da ya rage na jerenta, wato kwalla da langa da fanteka. Dillaliya tana yi wa kowane kuɗi, malam yana rubutawa, daga ƙarshe aka haɗa jimla aka raba, namiji rabon mata biyu kamar yadda shari'a ta tanada. Babu wanda ya yi ƙorafi. Amma a ƙarƙashin gadon akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, wadda fentinta ya koɗe. Da aka buɗe ta, dillaliya ta ɗan jujjuya abin da ke ciki, ta ce wannan tarkace ne, ba su da kuɗi. Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, kai ne mai son tsofaffin takardu, ka tafi da ita kawai." Haka adakar ta zama tawa, ba ta hanyar rabo ba, sai don ba ta shiga lissafi ba.

Na daɗe ina neman kalmar da ta dace da irin waɗannan kaya. Ba tsaraba ba ce, don tsaraba daga tafiya take zuwa, kuma ana ba da ita ne a ci ko a sa. Ba gado ba ne, tunda masu rabon gado sun tsallake su. "Kayan tarihi" ya yi musu nauyi, ya fi dacewa da abin da ke Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. "Abin tunawa" kuwa bayani ne, ba suna ba. Kalmar da Inna da kanta take amfani da ita ita ce ajiya, kuma ina ganin ta fi sauran gaskiya, domin ajiya tana ɗauke da tsammanin cewa wata rana wani zai zo ya karɓa. Bahaushe bai saki jiki da waiwaye gaba ɗaya ba. Shi ya ce waiwaye adon tafiya, shi kuma ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tufafin mamaci sadaka ake yi da su, ba a rataye su ana kallo. Duk da haka, kusan kowace tsohuwa da na sani tana da adaka ko kwalla ɗaya wadda ba a buɗewa gaban yara.

Abu na farko da na ciro shi ne wani ɗan tsumma a ƙulle, cikinsa kwabo mai huji guda bakwai da sisi biyu. Kuɗin nan sun daina aiki bayan da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu 1973, aka mayar da fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Na juya su a tafin hannuna ina tunanin yadda harshe ya fi aljihu riƙon amana. 'Ya'yana ba su taɓa ganin sisi ba, amma suna cewa ba su da ko sisi. Anini ya ɓace tun kafin a haife ni, amma har gobe ana cewa abu bai kai ko anini ba. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ɗauki sunanta daga farashinta, kwabo ya tafi ya bar sunan. Wannan duk na san shi, na kuma sha koyar da shi a aji. Abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa mace mai lissafi irin Inna, wadda ba ta barin ko ƙanzo ya lalace, ta bar waɗannan kuɗi suka mutu a hannunta ba ta canza su ba.

Na biyu wani ɗan bajo ne na jam'iyyar PRP, mai hoton makulli. Wannan na gane shi, na Baba ne. Ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, kuma mutumin Malam Aminu Kano ne tun zamanin NEPU. Lokacin da jam'iyyar ta dare gida biyu bayan zaɓen 1979, aka samu 'yan Santsi da suka bi Gwamna Abubakar Rimi da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, Baba ɗan Taɓo ne na gani kashe ni. Ina iya tuna ranar 17 ga Afrilu 1983, ranar da Malam ya rasu. Ita ce rana ɗaya da na ga Baba ya zauna a zaure ya kasa cin abinci. Zaɓen 1979 ɗin nan shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, kuma na sha ba ɗalibaina labarin yadda Baba ya zana wa Inna makulli a ƙasa da tsinke, ya ce inda duk ta ga wannan nan ne nasu. Nakan kawo labarin a matsayin misalin yadda alama take tsaya wa wanda bai iya karatu ba.

Na uku hoto ne baƙi da fari, irin na ɗakin ɗaukar hoto, mai labule a baya. Mata biyu ne a zaune, hannayensu a kan gwiwa, sun sha lalle. Ɗaya Inna ce tana budurwa. Ɗayar ban san ta ba. Babu rubutu a bayansa.

A can ƙasan adakar, a naɗe cikin wani tsohon majanyi, na tarar da littafin rubutu na 'yan makaranta, irin mai jadawalin sau a bangon baya. Na ɗauka na ɗaya daga cikinmu ne. Shafukan farko baƙaƙe da wasula ne da fensir, ba be bi bo bu, layi bayan layi, hannun yana rawa. Daga nan lambobi, daga 1 har zuwa 100. Daga nan gajerun jimloli a kan farashin gero da manja da sabulu. Mai rubutun tana kula da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ fiye da yadda yawancin ɗalibaina na jami'a suke kula. A cikin bangon gaba an rubuta shekarar 1982, a ƙarƙashinta kuma sunan Inna da na mahaifinta, da hannun da ya rubuta sauran.

A shafin sadaukarwa na kundin digirina na uku na rubuta cewa na sadaukar da aikin ga mahaifiyata, wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma ta tsaya sai da na shiga. Na yi alfahari da wannan jimla. Na karanta mata ita da bakina, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya yi albarka. Shekara da shekaru ni nake karanta mata wasiƙa, ni nake duba mata katin asibiti, ni nake gaya mata abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. Ba ta taɓa cewa ta iya ba.

Na ci gaba da buɗe shafuka. Wajen tsakiyar littafin darussa suka ƙare, sai wasu shafuka uku cike da kalma ɗaya tak, an jera ta daga sama har ƙasa. Sunana ne.

Ga masu nazarin al'adun Hausawa ba sai na yi dogon bayani ba. Ni ne ɗan farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana daga bakinta ba. In tana son kirana sai ta ce "kai", in tana maganata da wani sai ta ce "wannan yaron" ko "yayanku". Da aka yaye ni gidan kakata aka kai ni, na yi shekaru a can. Ba ta wasa da ni, ba ta yabona gaban mutane, in na yi rashin lafiya wata ce take zama a kaina ita tana leƙe daga nesa. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma na rubuta a kanta, na kawo abin da Kirk-Greene ya faɗa game da kunya a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, na kwatanta ta da pulaakun Fulani. Na san dokar sarai. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne inda sunan yake tafiya idan baki ya ƙi furta shi. Ashe al'adar ta hana harshe ne, ba ta ce komai a kan fensir ba, domin lokacin da aka kafa ta ba a yi zaton uwa za ta riƙe fensir ba.

Tsakanin shafi na ƙarshe da bango akwai wata takarda a ninke huɗu. Sakamakon jarrabawata ne na aji uku a makarantar kwana, shekarar 1985. Na gane ta tun kafin in warware, gabana kuma ya faɗi kamar ina ɗan shekara goma sha biyar. A zangon nan na biye wa abokai, na zo na 38 cikin mu 42. Baba yana wurin aiki na dawo hutu. Na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta na riƙe takardar, babban yatsana a kan lamba ta farko, na ce na zo na takwas. Ta karɓa, ta duba ta kamar yadda wanda bai iya karatu ba yake duba takarda, ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta sa a ƙarƙashin matashi. Da Baba ya tambaya, ta ce yaro ya kawo takardarsa ta adana. Na yi shekara talatin da biyar ina ganin na tsira. A bayan takardar, da fensir, da hannun nan da na riga na gane, an rubuta 38.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya yi mini bayani, ita ce ƙanwar Inna, wadda muke kira Yafendo, tana zaune a Tarauni, bayan kasuwa. Daga gidanmu zuwa nata tafiya ce da muke yi da ƙafa muna yara, ta cikin gonaki da gefen kududdufai. Yanzu babu gona ko ɗaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jawo shagunan magani da ɗakunan gwaji sun cika bakin titin Zariya, shataletalen Dangi ya zama gada, Tarauni kuma ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta tun 1996. Na same ta a kan tabarma, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Bayan mun gaisa na ajiye littafin a gabanta. Ta shafa bangonsa ta yi dariya, sannan ta yi shiru.

Ta ce tare suka shiga. Gwamnatin Rimi ce ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, aka buɗe azuzuwa a unguwanni da ƙauyuka, aikin da har UNESCO ta yaba wa a 1983. Akwai ajin mata a wani gida kusa da nata, tsakanin azahar da la'asar. Inna ta nemi izini, Baba ya shiga tsaka mai wuya: Malam ya yi rayuwarsa yana kiran a ilimantar da mata, don haka ba shi da bakin hanawa, amma kuma ajin na gwamnatin Santsi ne, ba ya son 'yan majalisarsu su ji. Sai suka daidaita a kan cewa za ta riƙa zuwa gidan Yafendo kitso. "Shekara biyu muna kitson nan," in ji ta, "kai ba ka taɓa lura kan nata bai canza ba?"

Na tambaye ta dalilin da ya sa Inna ba ta faɗa mini ba bayan siyasar ta wuce. Ta ce, "Kai ma dai da wata magana. In ta ce ta iya, da wane dalili za ta kira ka ka zauna kusa da ita?" Wasiƙa da katin asibiti su ne kaɗai ƙofar da al'ada ta bar mata. Uwa ba za ta ce wa ɗan farinta zo mu yi hira ba, amma za ta iya cewa a kira yaron nan ya duba mata takarda.

Sannan na ciro sakamakon jarrabawar. Yafendo ta ce ta tuna. A ranar Inna ta zo da ita a ƙugunta, suka duba tare. Turancin bai karantu gare su ba, amma lamba lamba ce, jan biro kuma kowa ya san ma'anarsa. Yafendo ta ce a gaya wa Baba ya yi mini hukunci. Inna ta ce a'a, yaron da har ya ji kunyar abin da ya yi bai gama lalacewa ba, in aka tona shi kunyar ce za ta tafi. Da ta faɗi haka sai wasu abubuwa biyu da na sani a rarrabe suka haɗu. A hutun nan ne wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ke haya a layinmu ya fara kirana kullum da safe yana koya mini lissafi da Turanci, ni kuma na ɗauka kirkinsa ne kawai. A hutun nan ne kuma wani giɓi ya bayyana a jeren Inna, inda manyan kwallayenta na aure suke. Jeren mace shi ne asusunta, ba ta taɓa shi sai ta kai maƙura. Ta ba dillaliya su ne ta biya kuɗin darasin. Giɓin nan ba ta taɓa cike shi ba, kuma ranar rabon gado babu wanda ya lissafa shi.

Kuɗin cikin tsumma ma Yafendo ta warware mini su. Kakarmu ce ta ɗaura wa Inna a bakin zane daren da aka kai ta ɗakin miji, ta ce kada ta kashe sai ranar da ta rasa yadda za ta yi. Ranar ba ta zo ba kafin canjin kuɗi, bayan canji kuma ta ce ai ba don saye aka ba ta ba. Hoton ne kaɗai ya gagara. Ta kai shi kusa da idonta, ta nisanta shi, ta ce fuskar kamar ta san ta, wataƙila wata ƙawar Inna ce da aka aurar can wajen Gaya, wataƙila kuma ba ita ba ce. Matar nan ta isa a ajiye hotonta fiye da shekara hamsin, amma sunanta ya bi Inna kabari.

A nan ne abin ya taɓa sana'ata. Na yi shekaru ina yawo ƙauyuka da rikoda, ina zama gaban tsofaffin da ban haɗa komai da su ba, ina naɗar waƙoƙin niƙa da na daɓe. Ɗakunan karatunmu cike suke da kundaye a kan aure da haihuwa da mutuwa, da jerin sunayen kayan ɗaki, kowanne da bayanin amfaninsa. Mun iya faɗin mene ne kwalla. Ba kasafai muke tambayar wace kwalla ba, ta wa, me ya fitar da ita daga ɗaki. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma har yau muna komawa gare shi. Na daɗe ina jin haushin cewa baƙuwa ce ta yi wannan aiki. Yanzu ina ganin baƙuncin nata yana cikin abin da ya buɗe mata ƙofa, domin babu kunya tsakaninta da mai ba ta labari. Kunyar da muke nazari a kanta ita ce take tsare mu daga iyayenmu, kuma ta kowane ɓangare take aiki: yadda Inna ba za ta faɗa ba, haka ni ma ba zan tambaya ba.

Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta bar wasu a buɗe. Abin da uwa ba za ta gaya wa ɗa ba, ƙanwarta za ta gaya masa. Abin da tsohuwa za ta ɓoye wa 'ya'yanta, za ta zazzage wa jika cikin wasa da tsokana. Da na san haka a aikace kamar yadda na san shi a takarda, da na tura 'yata wurin kakarta da waya tun tana raye. Yanzu nakan gaya wa ɗalibaina masu neman batun bincike su fara da adakar gidansu, su kuma nemi wanda al'ada ta yarda ya yi tambayar, tun mai amsar tana nan.

An sayar da gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ya saya ya fasa zauren ya yi shaguna. Adakar tana ɗakin karatuna. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ɗauki abu ɗaya daga cikinta in tafi Tarauni tare da babbar 'yata. Ita take tambaya, ita take tsokana, ni ina gefe ina rubutawa, in mun dawo in ninke bayanin in haɗa shi da abin in mayar. Akwai sauran wani zobe na azurfa da wata takardar adashi da ba mu kai kansu ba, Yafendo kuma kullum ƙarfinta raguwa yake yi.

Yarinyar nan sunan Inna aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Kwanakin baya ta kawo mini takardar neman shiga jami'a in cike mata wurin da ya shafi mahaifi. Na rubuta cikakken sunanta a layin farko, harafi bayan harafi, sunan da tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. Na daɗe ina kallonsa kafin in miƙa mata takardar.